Yadda Masanin Kimiyya Zai Fito da Iliminsa Daga Ɗakin Gwaje-gwaje Zuwa Cikin Jama'a

Ranar da na fara zuwa wata makarantar sakandare domin in yi wa ɗalibai bayanin aikina, na tafi da kwamfuta da majigi da shafuka arba'in da na kwana ina shiryawa. Ban kai shafi na biyar ba aka ɗauke wuta. Yara sama da tamanin suka zuba min ido. A bakin taga akwai wata yarinya riƙe da ƙullin zoɓo, sai na roƙe ta ta ba ni, na aiki wani yaro wurin mai abincin makaranta ya karɓo kanwa da lemon tsami. Muka raba zoɓon a kofi uku. Da muka matsa lemo a ɗaya ya ƙara ja, da muka zuba ruwan kanwa a wani ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Aka kaɗa ƙararrawar tashi yaran nan suka ƙi fita. Tun daga ranar na canza yadda nake koyarwa a wajen jami'a, kuma abin da na koya shi ne zan jera a nan ga duk ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke aikin bincike, likita ne ko injiniya ko masanin gona, mai son abin da ya sani ya isa ga mutanen da suka ɗauki nauyin karatunsa.

Wannan aiki ba na nishaɗi ba ne kawai. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, saboda ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana dakawa ana niƙawa inda yara ke rarrafe. Illar dalma ga ƙwaƙwalwar yaro tana rubuce a littattafan likitanci tun da daɗewa. Ba ta dai isa bakin turmin da ake daka dutsen ba.

Mataki na farko: ka yanke shawarar da wa za ka yi magana

Babu wasu mutane da ake kira "jama'a" da za ka tara a wuri guda. Akwai 'yan aji biyar na firamare, akwai matan aure a Islamiyya, akwai manoman rani a bakin madatsar ruwa, akwai majalisar mai shayi bayan Isha'i. Zaɓi ɗaya. Kafin ka buɗe baki, je ka zauna da su sau ɗaya ko sau biyu kana saurare. Me ke damunsu? Manomin tumatir ba ya buƙatar ka faɗa masa sunan tsutsar da ke cinye masa gona da Latinanci, ya riga ya ba ta suna. Abin da yake so ya sani shi ne dalilin da ya sa maganin da ya fesa bara ya yi aiki, bana kuma ya ƙi.

Mataki na biyu: ka shiga ta ƙofa

Idan makaranta ce, firinsifal ko hedimasta ne ƙofarka, sannan malamin kimiyyar da ke koyar da yaran kullum. Kada ka tsallake shi. Sa shi a gaba, ka gabatar da shi a matsayin mai masaukinka, domin kai za ka tafi, shi zai zauna da tambayoyin da ka tayar. Idan ƙauye ne ko unguwa, ka fara da gaisuwa wurin mai unguwa ko dagaci, da liman. Faɗa musu a fili abin da za ka yi, da wanda ya aiko ka in akwai, da cewa ba ka zo da rabon kuɗi ko kaya ba. Wurin matan aure kuwa, abokiyar aikinka mace ita ce za ta yi gaba. In za ka ɗauki hoton yara, nemi yardar makaranta da ta iyaye tukuna.

Mataki na uku: magana ɗaya tak

Nan ne yawancinmu ke tuntuɓe. Mutum ya shekara biyar yana bincike, yana so ya juye shi duka cikin sa'a guda. Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya da kake so yaro ya maimaita wa mahaifiyarsa idan ya koma gida. "Ruwan da ya yi garau yana iya ɗauke da cuta." "Kanwa tana kashe tsami." "Tsawon inuwa yana nuna mana inda muke a bayan ƙasa." In jimlar ta ƙi rubutuwa, ba ka shirya ba.

Michael Faraday, ɗan maƙeri ne da ya fara da koyon ɗinkin littattafai a Landan kafin ya zama ɗaya daga cikin manyan masana lantarki. A 1825 aka fara laccocin ƙarshen shekara domin yara a cibiyar da yake aiki, kuma har yau ana yin su. Shahararrun laccocinsa guda shida ne a kan abu ɗaya: kyandir. Me ya sa kitsen ke hawa lagwani, me ke ci a cikin harshen wuta, ina hayaƙin ke zuwa. Daga kyandir guda ya kai yara har ga yadda mutum ke numfashi. Mu ma muna da aci-balbal da fitilar ƙwai.

Mataki na huɗu: ka nemi gwajin da za a yi da kayan gida

Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta fi gani. Ƙa'idata ita ce duk abin da zan nuna, ya zama yaro zai iya sake yinsa da yamma ba tare da ya sayi abin da ya fi ƙarfin kuɗin tara ba. Ga uku da na fi dogara da su.

Gwajin zoɓo. Jiƙa busasshen zoɓo a ruwan zafi, ka tace, ka bari ya huce, ka sirka shi da ruwa har ya zama ana hango haske ta cikinsa. Idan ya yi kauri canjin launin ba zai fito sosai ba. Zuba shi a kofuna biyar masu garau, ka jera su a kan farar takarda. Na farko ka bar shi yadda yake domin kwatance. Na biyu lemon tsami, na uku ruwan tsamiya, na huɗu ruwan kanwa, na biyar ruwan toka da aka tace. Kafin kowace zubawa ka tsaya ka tambaya: me kuke zato zai faru? A ɗaga hannu, a ƙirga, a rubuta a allo. Sannan ka kira yaro ɗaya shi ya zuba, ba kai ba. Masu tsami za su ƙara ja, kanwa da toka za su kai shi ga duhu da kore. Daga nan sai abin da ya fi daɗi: ɗauki kofin da ya yi kore, a riƙa ɗiga masa lemon tsami kaɗan-kaɗan har jan ya dawo. Abin da littafi ke ɗaukar babi guda yana bayani ya faru a gabansu. Kuma duk matar da ta taɓa sa kanwa a miyar yakuwa domin ta rage tsami ta san wannan tun kafin a haife ka. Faɗa mata haka, gaskiya ce.

Idan a Kano kake, ka ƙarasa da su marinar Ƙofar Mata. A can za su ga baba da toka da kanwa a cikin rami, su ga ƙyalle ya fito da launi mai kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a kan idonsu. Marinin ya fi ka sanin hannun aikin. Naka shi ne ka ƙara cewa wani sashe na iskar da muke shaƙa ne ke haɗuwa da rinin ya juya shi.

Gwajin inuwa. Wannan na fi ƙauna, domin sanda ɗaya ce jarinsa. Kano tana kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka sau biyu a shekara, wajen 21 ko 22 ga Afrilu da kuma wajen 21 ko 22 ga Agusta, rana kan tsaya daidai bisa kai. Kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili mai laushi da ba shi da gangare. Rataya dutse a zare kusa da ita domin ka tabbatar ta miƙe. Daga sha biyu saura kwata yara su riƙa sa alama a ƙarshen inuwar duk bayan minti biyar. Wajen sha biyu da minti ashirin da biyar zuwa da rabi, inuwar za ta shige ƙarƙashin sandar ta ɓace. Afrilu ta fi, saboda a Agusta hadari kan rufe rana.

Yanzu sai ka nemi wani malami a Agadas ta waya, shi ma ya kafa irin sandar a ranar. Agadas tana kusan digiri 17, kuma kusan saitin arewa take da Kano. A lokacin da inuwa ta ɓace a Kano, shi zai ga tasa ba ta ɓace ba, tsawonta kusan santimita tara, wato rana ta karkace masa da kimanin digiri biyar. Da'ira digiri 360 ce, saboda haka digiri biyar kashi ɗaya ne cikin 72 nata. Tsakanin garuruwan biyu a miƙe akwai kimanin kilomita 550. Ba yara alli su ninka 550 sau 72. Za su sami 39,600, alhali kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne. Haka Eratostenis, mai kula da ɗakin karatu na Iskandariyya, ya yi fiye da shekara 2,200 da suka wuce, da inuwar Iskandariyya da ta Aswan, garuruwa biyu a Masar. Na ga yadda fuskar yaro ke canzawa idan ya gane cewa da sanda da alli ya auna duniya, kuma wannan kallon ne ke mayar da ni makarantu duk shekara.

Sandar tana da wani amfanin. A 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana tsayawa bisa Ka'aba. A wannan minti, in ka tsaya a ƙarshen inuwar ka fuskanci gindin sandar, alƙibla kake kallo. Daga ƙasar Hausa za ka ga gabas ce da ta ɗan karkata arewa. Wannan gwaji ka yi shi tare da liman, da saninsa, a filin makaranta. Idan ka lura sahun wani masallaci ya ɗan kauce, magana ce ta kai da shi a keɓe.

Gwajin randa. Ɗauki tukwane biyu na ƙasa, ƙarama a cikin babba, ka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Sa tumatir a ciki, ka ajiye wasu a waje, yara su riƙa dubawa kullum suna rubutawa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke jan zafi ya tafi da shi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Shi ya sa ya fi aiki da rani fiye da damina. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, shi ya yaɗa wannan dabara har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Abin koyi a wurinsa shi ne yadda ya isar da ita: ya sa aka shirya wasan kwaikwayo, aka ɗauka a bidiyo, ana kafa farin ƙyalle da dare a ƙauyuka ana nunawa.

Kowane gwaji ka yi shi sau uku a gida kafin ka fita da shi. Kada a ɗanɗana komai, ko da zoɓo ne, da zarar an zuba masa wani abu. Kada ka kawo ruwan bilicin wanki kusa da abu mai tsami, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Mataki na biyar: ka gyara Hausarka

Ba fassara ake nema ba, bayani ake nema. Kafin ka fita, yi wa wata dattijuwa a gidanku bayanin, wadda ba ta yi boko ba. Duk inda ta ce "me ke nan?" nan ne aikinka yake.

Ka kula da kalmomin da ke ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. "Ƙwayar cuta" ta haɗa bakteriya da bairos, alhali maganin da ke kashe ta farko ba ya taɓa ta biyu, kuma wannan bambanci ne ke sa mutum ya daina sayen kafso saboda mura. "Shawara" a bakin mutane tana nufin duk ciwon da ke sa ido ya yi rawaya, ko daga hanta ne ko daga wani abu dabam. "Sinadari" kuwa ta zama jakar da ake zuba komai. Idan ka zo kan irin waɗannan, nuna abin ko ka siffanta shi tukuna, sunan ya biyo baya. Inda babu kalmar Hausa, ari ta Turanci ka furta ta yadda harshenmu ke furtawa, ka tsaya a kanta har ƙarshen zama. Abin da ke rikita mai sauraro shi ne ka kira abu ɗaya da suna uku cikin minti goma.

Lissafi ma a mayar da shi abin da ido ya sani: mudu, buhu, tafiyar sa'a nawa a mota.

Mataki na shida: tsarin ranar

Minti arba'in sun isa. Sallama da gabatar da kai, minti biyu: sunanka, garinku, makarantar firamaren da ka yi. Wannan na ƙarshe yana da nauyi, domin yaron da ke zaune a ƙasa yana bukatar ya san kai ma a nan ka fara. Sai tambaya, sai zato, sai gwaji, sai bayani a ƙarshe. Ka bar sulusin lokacin domin tambayoyinsu. A ajin da ke haɗe, maza za su riga ɗaga hannu, saboda haka ka kira 'yan mata da kanka su riƙe kofi su zuba. Ka tashi kafin lokacin salla.

In gwaji ya ƙi, kada ka ɓoye. Tambaye su me suke gani ya jawo, a sake tare. Aikinmu a ɗakin bincike ma haka yake yawancin kwanaki.

Mataki na bakwai: tambayoyi masu zafi

Za su zo. Wani zai tambaye ka allurar rigakafi, yana kallonka da zargi. Kada ka ɗauke shi jahili, zarginsa yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003. Ka amsa cewa abin ya faru. Sannan ka bayyana yadda rigakafi ke aiki, ka tuna masa cewa da sarakuna da malamai suka shiga aikin ne aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a Agustan 2020. Wanda ka yarda da gaskiyarsa ya fi saurin sauraron taka.

Game da addini, tsaya a iyakar saninka. Kai ba mai fatawa ba ne. Idan maganar husufi ta taso, kamar wanda ya duhunta arewa maso yammacin Najeriya da wani sashe na Nijar a 29 ga Maris 2006, ka nuna da lemo da fitilar hannu yadda wata ke shiga tsakanin rana da ƙasa. Liman kuma ya kawo hadisin ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda ya bayyana cewa rana da wata ba sa husufi saboda mutuwar wani ko rayuwarsa. Ka gargaɗe su da ƙarfi kada su kalli rana da ido ko da baƙin tabarau. A riƙe rariya a kan farar takarda, kowace huda za ta zana siffar ranar da aka gutsure. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aiki a Alƙahira kimanin shekara dubu da suka wuce, ya yi rubutu a kan wannan siffa.

Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ka rubuta tambayar a gabansu, ka dawo da amsa. Idan kai ba likita ba ne, kada ka rubuta wa kowa magani, tura shi asibiti.

Mataki na takwas: rediyo da waya

Bahaushe da rediyo tsohuwar amana ce, tun kafin BBC ta fara shirin Hausa a 1957. Je gidan rediyon garinku da shiri a hannu: minti biyar, tambaya ɗaya, amsa ɗaya, kowane mako. Me ya sa ruwan randa ya fi na roba sanyi? Me ya sa nono ke tsami? Zaɓi tambayoyin daga bakin masu kira. A WhatsApp kuwa saƙon murya ya fi rubutu tafiya, domin yana isa ga wanda ba ya karanta boko. Kada ya wuce minti biyu, kuma ka faɗi sunanka da aikinka da kwanan wata a farkonsa, saboda zai yi yawo ya bar ka a baya. In bidiyo ne, kyamara ta kalli kofin da hannun yaron, ba fuskarka ba.

Mataki na tara: ka koma

Bayan mako biyu ka koma wurin. Kira yara biyar da ba su ɗaga hannu ba a ranar, ka ce su yi wa ɗan ajin ƙasa bayanin abin da suka gani. Abin da ya fito daga bakinsu shi ne abin da ka koyar, ko da ba shi ka yi niyya ba. In uku sun ce kanwa ta ɓata zoɓon ne kawai, to jimlarka ba ta shiga ba, sai a sake gwajin, a daɗe a kan dawo da jan.

Ka bar wa malamin kimiyyar makarantar takarda ɗaya da ka rubuta matakan gwajin da Hausa, da kofunan, da sandar, da lambar wayarka. Ka ɗauki ɗalibanka biyu na jami'a su raka ka, a zuwa na uku su ne za su tsaya a gaban allo kai kana baya. Sannan ka buɗe littafinka ka sa ranar zuwa na gaba kafin ka fita daga ofishin firinsifal. Idan ka fara da zoɓo a zangon farko, sandar inuwa ta jira Afrilu, tukwanen kuma a kafa su da zarar zafin bazara ya kama.